Rarar ciniki da kayan Sin a Kantin Kwari

Malam, ka tambayi yadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke cewa Najeriya ta sami rarar ciniki da ƙasashen waje, wato abin da muka sayar musu ya fi abin da muka saya daga wajensu, alhali kasuwanninmu cike suke da kayan Sin. Duka biyun gaskiya ne.

Rarar nan jimilla ce, kuma ɗanyen mai da iskar gas ne ke ɗauke da ita. Turai da Indiya na sayen manmu da yawa, shi ya sa lissafin ke rinjaya wajenmu. Amma in ka ware Sin ita kaɗai, giɓi ne babba, domin ita ce ta fi kowa sayar mana da kaya. Leƙa Kantin Kwari ka ɗaga atamfa goma, ka duba inda aka saƙa su. Masaƙun Kaduna da Kano da suka ciyar da iyayenmu yawancinsu sun rufe tuntuni.

Sannan kada alƙaluman naira su ruɗe ka. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya ta koma naira masu yawa, sai adadin ya kumbura ko da gangunan man ba su ƙaru ba. Ni dai da dala nake kwatanta shekara da shekara.