Ko bairos ya fi illa ga cikin da aka samu ta dashen ƙwai?

'Yar'uwa, kin tambaya ko cikin IVF, wato wanda aka samu ta dashen ƙwai a mahaifa, ya fi rauni idan bairos ya kama ki. Da zarar ƙwan ya zauna a mahaifa, haɗarin kusan ɗaya ne da na kowane ciki. Abin dubawa shi ne irin cutar da lokacin da ta zo.

Rubella, wato ƙyandar Jamus, ta fi ɓarna a makonni 12 na farko, tana taɓa ido, kunne da zuciyar jariri. Allurar rigakafinta kafin dashe ake yi, a jira wata guda sannan a yi dashen. CMV kuwa, wani bairos da kan iya kama jariri a ciki, daga yawu da fitsarin ƙananan yara ake yawan ɗaukarta, don haka ki riƙa wanke hannu bayan canza wa yaro kunzugu.

Zazzaɓi mai zafi fa kada ki yi masa jinkiri, ki kira likitanki ranar.