Kafin Ka Kawo Jarinka Jos

Alhaji, ka tambaye ni ko Jos ta zauna har mutum ya ɗebo dukiyarsa daga Kantin Kwari ya zuba a nan. Ka kuma ce kana mamakin yadda mu Hausawan garin muke ta gini da buɗe shaguna a wurin da ku a Kano ba ku cika jin sunansa ba sai an sa dokar hana fita. To ba ƙarfin hali ba ne ya sa. Kakanninmu haƙar kuza ce ta kawo su tun zamanin Turawa, a nan aka binne su, a nan aka yanke mana cibiya. In shagona ya ƙone, ba ni da wani gari da zan koma in ce na dawo gida. Dole ce ta koya mana yadda ake kasuwanci a inda wuta ta taɓa ci, kuma abin da ta koya mana ba irin naku ba ne.

Ku a Kano kun saba da tara kaya a wuri ɗaya, shago a ƙasa, sito a sama. Mu mun bar wannan tun Fabrairun 2002, lokacin da babbar kasuwar Terminus ta ƙone, watanni kaɗan bayan rikicin 7 ga Satumban 2001. Kasuwar da ake lissafa ta cikin manyan kasuwanni masu rufi a Afirka ta Yamma, dare ɗaya ta zama kango, mutanen da ake ce wa Alhaji da safe suka wayi gari suna kasa kaya a bakin titi. Sai ga rikicin Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, sai na Janairun 2010, sai bama-baman da suka tashi a Terminus ɗin a Mayun 2014. Yau in ka shiga shagon ɗan Jos ka ga kaya kaɗan, kada ka ɗauka ya karye. Rabi yana wani ɗaki a Gangare ko Dilimi, wani kason yana hannun abokin ciniki a Bukuru. Zaɓe in ya matso kuwa, ba mai ƙaro kaya, sai an rantsar da wanda za a rantsar an ga yadda gari ya kwana.

Sai maganar unguwa, wadda baƙo ya fi faɗawa rami a kanta. Garin ya rabu, ba sai an ɓoye ba. Bayan rikice-rikicen nan mutane sun yi ta musayar gidaje: Kirista da ke Unguwar Rogo ya nemo Musulmin da ke Tudun Wada ko Jenta, a je gaban mai unguwa da shaidu, a ƙiyasta gidajen biyu, wanda nasa ya gaza ya yi ciko, kowa ya kwashe iyalinsa ya koma cikin nasa. Saboda haka fili mai araha a nan tambaya ce, ba garaɓasa ba. Kafin ka biya dillali, nemi sanin wa ya bar wurin, me ya kore shi, kuma ko magadansa sun sa hannu.

Amma kada wannan ya sa ka zaci ba a hulɗa. Kwana ne aka raba, ciniki bai rabu ba. Zo Farin Gada da sassafe, lokacin da sanyi ke sa mutum ya cusa hannu a hamata. Za ka ga matan Birom da na Irigwe da rigunan sanyi sun sauke kabeji, karas, latas da koren wake, dillalinsu Bahaushe yana ƙirga buhu yana rubutawa a ɗan littafin da ya sha maiƙo, direban da zai kai kayan Fatakwal yana shan shayi a gefe. Da Hausa ake cinikin gaba ɗaya, har zagin wasan. Dankalin Turawa da ake soyawa a Legas da Abuja, galibinsa daga Bokkos da Mangu yake fitowa, kuma da yawa daga cikin manoman da bashin taki da irin da ɗan kasuwa Musulmi ya ba su suke shuka, ba takarda, sai an tono a biya. Wannan bashin ya fi jami'an tsaro tsare mu. Wanda kake bi kuɗi, ko yake bin ka, shi ne zai buga maka waya ya ce yau kada motarka ta biyo ta hanyar nan. Na san ba kullum yake hana ɓarna ba, harin jajibirin Kirsimetin 2023 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi ya nuna haka, amma duk wanda ya daɗe a kasuwar nan yana da irin wannan mutumin a ɗaya ɓangaren.

Shi ya sa nake cewa kada ka zo kai kaɗai, kuma kada abokan aikinka su zama 'yan masallacinku zalla. Mai gadi, akawu, direba, a gauraya. Shagon da yaran unguwa ke cin abinci a cikinsa, su ne za su tsaya a ƙofarsa ranar da gari ya rikice.

Gwamnati fa? Ana yawan kawo mana misalin Ruwanda, yadda bayan kisan ƙare dangi na 1994 ta kafa hukuma guda da mai jari zai shiga ya gama rajista a wuri ɗaya. Abin sha'awa ne, sai dai mu ba rajista ce ta dame mu ba. An kafa kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi kan rikicin 2001, an kafa na Bola Ajibola kan na 2008, an rubuta rahotanni, amma ɗan kasuwar da aka ƙona wa shago bai ga an hukunta wanda ya ƙyasta ashana ba, balle diyya. Mai kuɗi wannan yake kallo, ba taron masu zuba jari a otal ba. Dubi Terminus ɗin ma. A 2022 gwamnatin Simon Lalong ta shirya da bankin Musulunci na Jaiz zai sake gina ta, nan take magana ta koma ta addini, wa zai samu shago wa zai rasa, aka dangana da kotu, aikin ya tsaya. Kuɗin ya samu, yarda ce babu. A ganina da an fara baje yadda za a raba shagunan a gaban kowa, tsofaffin masu rumfa na kowane ɓangare a sahun farko, da ba a kai ga haka ba. Hukumar gina zaman lafiya da jihar ta kafa a 2016 tana ƙoƙarin zaunar da mutane, ban raina mata ba, amma ba ita ke ba da takardar fili ba.

In ka ce in zaɓa maka, atamfa da shadda muna da masu su, har sun yi yawa. Inda gari ke kuka shi ne wurin ajiya. Dankali in ya fito da damina farashi yakan faɗi warwas, manomi ya sayar da asara don ba shi da inda zai adana, bayan 'yan watanni kuma a neme shi da tsada. Tumatir da kabeji haka suke ruɓewa a kasuwa. Sanyin garin ma taimako ne ga mai sito. Kuma ba a ce babban jari ba ya zama a nan ba: kamfanin NASCO tun 1963 yake Jos, duk abin da aka yi yana nan yana biskit.

Ka yi inshora ko takaful, wato inshorar Musulunci, kuma ka sa a karanta maka takardar da kyau, domin ta gobara sau da yawa ba ta haɗa da ɓarnar tarzoma sai ka nema ka ƙara kuɗi. Ka fara da haya kafin gini. Ka shigo lokacin tonon dankali, mu je Bokkos tare in haɗa ka da manoman da muke hulɗa da su, ka ji farashi daga bakinsu. Ka taho da rigar sanyi mai kauri. A gaida Hajiya da yara.