Tawali'u, girman kai, da yaron da ba ya sauka daga na ɗaya

Tambayar farko daga wata baiwar Allah ce a Zariya. Ta ce ɗanta ɗan shekara 13 tun firamare shi ke zuwa na ɗaya, ga hadda, har ya taɓa cin musabaƙa a matakin ƙaramar hukuma, to yanzu ya fara gyara wa yayyensa magana a gaban baƙi, rannan ma ƙanwarsa ta kasa lissafi ya ce mata daƙiƙiya. Ta ce, "Malam mene ne ainihin ma'anar tawali'u, kuma wane karin magana zan riƙa faɗa masa ko zai sauko?"

Toh Hajiya, Allah ya raya shi ya yi masa albarka. Tawali'u kalma ce da muka aro daga Larabci, a can tawadu'u ce, da harafin nan da almajiran tsangaya ke kira lodi. Bahaushe ya saba mayar da shi "l", shi ya sa alƙadi ya koma alƙali, darura ta koma lalura, farida ta koma farilla, alwudu'u kuma alwala. Tushen kalmar na nufin saukewa, ajiye abu ƙasa. Kin ga kenan sai wanda ke sama ne zai sauko, wanda ba shi da komai ba a ce ya yi tawali'u don ya yi shiru. Nan ne ta rabu da ƙasƙanci, shi ƙasƙanci wani ne ke ɗora maka, tawali'u kuwa kai ka zaɓa da kanka alhali kana da ikon ɗaga kafaɗa. Magabata sun faɗe shi a taƙaice, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, wasu kan ƙara da cewa in ka tashi da tsawonka za ka tashi.

Na daɗe a kan wannan ne saboda iyaye da yawa in sun ga yaro ya fara ji da kansa sai su ɗauki hanyar karya shi, "kai wane ne, me ka sani, ɗan na ɗayan da kake zuwa a wannan makarantar?" Wallahi wannan ba ya haifar da tawali'u, ko dai yaron ya koma mai tsoron buɗe baki a aji, ko ya ɓoye girman kan a ciki ya jira ranar da zai fi ƙarfinku. Akwai hadisi a Sahihu Muslim, wani ya tambayi Annabi (SAW) cewa mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau, shin girman kai ne? Aka ce a'a, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. To da wannan ma'aunin za ki auna ɗanki. Ya san yana da ƙoƙari, wannan ba laifi ba ne, gaskiya ce. Gyara wa yayye magana a gaban baƙi ƙarancin ladabi ne, ana koya masa ya bari sai an keɓe. Amma daƙiƙiyar nan da ya ce wa ƙanwarsa, wannan ce raini, ita za ki tare da wuri, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Karin maganar da kowa zai fara kawo miki ita ce girman kai rawanin tsiya. Tana da daɗi sosai in aka warware ta. Rawani ai naɗa wa mutum ake yi, a fada, a gaban jama'a, shi kuwa mai girman kai shi ya naɗa wa kansa, sarautar da aka ba shi kuma ta tsiya ce, tsiya ta talauci da tsiya ta mugun hali, don kowa zai janye jiki ya bar shi. Sai dai ban ba ki shawarar ki riƙa jefa masa ita safe da yamma ba, karin magana in aka yawaita jifa da shi ya zama habaici, yaro ɗan 13 kuma zagi kawai zai ji.

Wadda ta fi dacewa da shi ita ce gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Aljanin da kowa ke tsoro, wanda ma daga wuta aka halicce shi, shi ma ga abin da ya sa shi tsalle. Tunda mai hadda ne ki ce ya karanto miki ƙarshen aya ta 76 a Suratu Yusuf ya fassara da bakinsa, a saman kowane mai ilimi akwai wanda ya fi shi sani. Sannan labarin Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi (ga lodi nan ma ya sake zama "l" a sunan Halliru), wanda a Bukhari aka ce dalilin tafiyar shi ne an tambayi Annabi Musa wa ya fi kowa sani ya ce shi ne. Kuma kar ya tsaya a ji, in an yi hutu ki kai shi wajen tela ko mai gyaran waya ya zauna, ya ga yaron da bai gama firamare ba yana sa zare a keke cikin ƙiftawar ido shi kuwa yana ta lalube. Ƙanwar kuma ki ɗora masa koya mata lissafin, ki ce sakamakonta na zangon nan shi ne jarabawarsa.

Af, ki lura da yadda muke cewa "an fasa masa kai". An fasa, wato wani ne ya yi aikin. Da can uwa ko sunan ɗan fari ba ta kamawa saboda kunya, balle ta yabe shi a bainar jama'a, yanzu kuwa kafin yaro ya cire yunifom takardar sakamakonsa na kan sitatus na WhatsApp, dangi na ta zuba "farfesan gidanmu". Ba na ce a koma wancan kawaicin duka ba, yaro na buƙatar jin madalla daga bakin uwarsa, amma ki yabi tashin asubar da ya yi yana tilawa fiye da yadda kike yabon ƙwaƙwalwar, don ita kyauta aka ba shi.

Sai wani ɗalibi daga Gusau, ya ce ya ci sama da maki 300 cikin 400 a JAMB, in an tambaye shi kunyar faɗa yake ji saboda an ce yabon kai jahilci. Ɗana ka faɗa abinka in an tambaye ka. Yabon kai shi ne ka buga wa kanka ganga ba wanda ya nema, an kira shi jahilci ne don mai yi bai san na gabansa ba. Annabi Yusuf da kansa ya ce wa sarkin Masar a ɗora shi kan taskokin ƙasa shi mai tsarewa ne masani, aya ta 55 kenan a surar, saboda akwai aikin da ke jiran wanda ya iya. In a wajen neman tallafin karatu ne ma, ka rubuta makin da manyan lambobi.