Likita, yaushe ɗana zai daina allurar suga?

Tun da labari ya bazu cewa masu bincike a ƙasashen waje sun fara maido wa masu ciwon suga ƙwayoyin halittar da ke yin insulin, saƙonnin da nake samu kan wannan ciwo suka ninka. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su kamar yadda na saba.

Wata uwa daga Funtuwa: “Likita, ɗana shekararsa 9, yau shekara biyu ana masa allurar insulin kullum. Kakarsa ma tana da suga, amma ƙwaya kawai take sha. Me zai hana shi ma a ba shi ƙwayar ya huta? Yaron nan ba shi da ƙiba, ba shi da shan zaƙi.”

Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba shi lafiya. Ciwonsa da na kakarsa suna ne kawai ya haɗa su.

A bayan tumbi akwai wata tsoka da muke kira fankiriyas. Mutane da yawa kan ce mata saifa, amma saifa daban take, aikinta ma daban. A cikin fankiriyas akwai wasu 'yan curi-curi da ido ba ya gani, kimanin miliyan ɗaya, waɗanda wani ɗalibin likitanci Bajamushe, Paul Langerhans, ya fara bayyanawa a 1869. A cikinsu ne ƙwayoyin da ake kira bita suke, kuma su ne ke yin insulin, wato sinadarin da ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga nama.

Kakarsa tana da nau'i na biyu: ƙwayoyinta suna nan, suna aiki, sai dai jiki ya daina jin maganar insulin ɗin sosai. Ƙwayar magani tana taimaka wa abin da ke akwai ne. Ɗanki kuwa nau'i na ɗaya ne. Garkuwar jikinsa, wadda ya kamata ta yaƙi cuta, ita ce ta yi kuskure ta juyo kan ƙwayoyin bita ta karkashe su. Mai gadi ne ya fasa shagon da aka ba shi tsaro. To in babu mai yin insulin, ƙwayar magani wa za ta zaburar?

Kuma ki cire wa ranki cewa wani abu kika ba shi ya ci, ko wani ne ya yi masa hannu. Ina faɗin haka ne don na ga iyaye mata da yawa suna kuka da wannan zargin a ɗakin duba marasa lafiya.

Wani malamin makaranta daga Maraɗi: “Na ji a rediyo cewa akwai waɗanda aka yi wa dashe suka daina allura ɗungurungum. Gaskiya ne ko irin labaran nan ne?”

Gaskiya ne, Malam, amma rediyo ba ta da lokacin kawo maka ƙarshen zancen.

Matsalar gida biyu ce. Ta farko, ina za a samo ƙwayoyin? Ta biyu, in an samo an zuba, yaya za a hana garkuwar jiki ta sake cinye su? Kamar mai lambu ne da akuya ta cinye masa dashen tumatir. Ya samo sabon iri, madalla, amma akuyar tana nan cikin shinge.

A 2000 wani likita mai suna James Shapiro a Jami'ar Alberta da ke Edmonton, Kanada, ya tsamo waɗannan curi-curi daga fankiriyas ɗin mamata, ya ɗura su ta jijiyar da ke shiga hanta. Mutum bakwai aka yi wa, duk bakwai suka ajiye allura. Duniya ta ɗauka an gama. Da aka bi sawun waɗanda aka yi wa aikin tsawon shekara biyar, sai aka tarar kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai ba su koma allura ba. Ga shi kuma mutum ɗaya yakan buƙaci ƙwayoyin mamaci fiye da ɗaya. Ina za a samu na miliyoyin mutane?

Nan ne labarin Douglas Melton na Jami'ar Harvard ya shigo. Shi da can binciken yadda ƙwan kwaɗo ke zama kwaɗo yake yi. Da ɗansa ya kamu da wannan ciwo tun yana jariri, daga baya 'yarsa ma ta kamu, sai ya karkata aikinsa kacokan. A 2014 ya sanar da cewa ɗakin bincikensa ya iya sarrafa ƙwayoyin tushe, wato waɗanda ba su riga sun zama komai ba kuma za su iya zama kowane sashe na jiki, har su zama masu yin insulin. Kamfanin Vertex ya ɗauki aikin, kuma a 2025 aka fitar da sakamakon gwaji: cikin mutum 12 da aka ba cikakken adadi, 10 ba sa bukatar allura bayan shekara guda da yi musu aikin. Ni da na karanta, sai da na ajiye takardar na yi shiru na ɗan lokaci. Lokacin da muke makaranta, irin wannan zance tatsuniya ne.

Sai dai akuyar tana nan. Dukkansu suna shan magungunan danne garkuwar jiki, irin na wanda aka yi wa dashen ƙoda, kuma ba ranar dainawa. Waɗannan magunguna suna buɗe wa cututtuka ƙofa, suna iya taɓa ƙoda, suna ƙara haɗarin wasu nau'o'in daji. Shi ya sa ba kowa ake ɗauka ba, sai manyan da sugansu ke faɗuwa ƙasa warwas ba tare da sun ji alama ba, har su suma. Yaron da allura ke riƙe da shi lafiya lau, ba likitan kirki da zai saka shi a wannan ciniki, kada garin neman gira a rasa ido.

Yanzu ƙarfin bincike ya koma kan akuyar. An gwada saka ƙwayoyin a cikin wata 'yar jaka da za ta kāre su, amma Vertex ya dakatar da nasa gwajin a 2025 saboda insulin ɗin da ke fitowa bai kai ba. A Sin, a 2024 aka ba da rahoton cewa masu bincike ƙarƙashin Deng Hongkui na Jami'ar Peking sun ɗauki ƙwayoyin jikin wata mata 'yar shekara 25, suka juya su zuwa masu yin insulin, suka mayar mata a tsokar ciki, cikin wata biyu da rabi ta ajiye allura. Amma ita da ma tana shan maganin danne garkuwa saboda dashen hanta da aka taɓa yi mata, don haka ba a ga yadda abin zai kasance ba tare da shi ba. A Uppsala ta Suwidin kuma an gyara ƙwayoyin ta yadda garkuwar jiki ba za ta gane su ba, aka dasa wa mutum ɗaya a tsokar hannu, suka rayu suna yin insulin ba tare da maganin danne garkuwa ba. Mutum ɗaya ne, kuma kaɗan aka saka masa, bai daina allura ba. A nawa ganin wannan ƙaramin gwajin ya fi sauran nuna inda mafita take.

An hango Dala, Malam. Shiga birni da saura.

Wata ɗalibar aikin jinya daga Kano: “Wa ke biyan kuɗin irin wannan bincike? Ƙawayena suna cewa kamfanonin insulin ne ke ɓoye maganin don kada kasuwarsu ta mutu.”

'Yata, na fahimci inda zargin ya samo tushe. Kamfanoni uku, Novo Nordisk da Eli Lilly da Sanofi, su ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwar insulin ta duniya, alhali Frederick Banting da abokan aikinsa, da suka gano shi a Toronto a 1921, dala ɗaya-ɗaya suka karɓa suka miƙa wa jami'a haƙƙin mallakarsa. Duk wanda ya sayi kwalba a kantin magani kwanan nan, dole ransa ya sosu. Amma zancen ɓoye magani ba ya tsayawa da ƙafarsa, domin duk wanda ya fara kai maganin kasuwa, shi zai kwashe garaɓasa. Vertex ya biya dala miliyan 950 a 2019 don ya sayi ɗan kamfanin da Melton ya kafa, tun ba a gwada komai a jikin mutum ba. Ba a kashe irin wannan kuɗi don a kulle abu a durowa.

Kafin kamfani ya shigo, akwai shekaru masu tsawo da ba riba, kuma a nan ne abin ke burge ni. Iyayen yara ne suka fara. A 1970 wasu iyaye a Amurka suka kafa ƙungiyar da aka daɗe ana kira JDRF, wadda a 2024 ta koma Breakthrough T1D, suna tara kuɗi ta tattaki da gidauniya suna ba masu bincike. A 1997 majalisar dokokin Amurka ta ware asusu na musamman don wannan nau'in ciwon, wanda ya yi shekaru yana ba da dala miliyan 150 kowace shekara, kuma duk sa'ad da wa'adinsa ya ƙare sai an koma majalisa an yi ta kai gwauro a kai mari kafin a sabunta. A Birtaniya, gidauniyar attajiri Steve Morgan ta ajiye fam miliyan 50 a 2022, kuma maido da ƙwayoyin bita na cikin manyan abubuwan da aka ware wa kuɗin.

Abin da ya kamata ke da ƙawayenki ku damu da shi shi ne farashi. Akwai wani magani, teplizumab, da Amurka ta amince da shi a 2022. Ba ya warkarwa, jinkirta bayyanar ciwon yake yi da kimanin shekara biyu ga wanda gwajin jini ya nuna yana hanya. Ruwa ne da ake ɗaurawa kwana 14, kuɗinsa a lokacin ya kusa dala dubu 200. Ki auna da aljihun majinyatanki. Wani nazari da aka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa yaro ɗan shekara 10 da ya kamu a ƙasa mai arziki yana da sauran kimanin shekara 65 a gaba, a ƙasa matalauciya kuwa 13. Wannan tazara ba ƙwayoyin tushe ne suka kawo ta ba. Insulin ne, da tsinken gwaji, da ma'aikacin da zai gane ciwon da wuri.

Ban manta wata yarinya da aka kawo mana da tsakar dare ba, ta rame sai ido, tana jan numfashi mai zurfi kamar wadda ta yi gudu. Mako uku ana mata maganin zazzaɓin cizon sauro, sai na taifot. Kakarta ce ta ce, “Ni dai na ga kiyashi na bin inda ta yi fitsari.” Ɗigon jini ɗaya a tsinke ya warware komai. In kin fara aiki, duk yaron da ke rama, yana yawan shan ruwa da fitsari, ko ya dawo fitsarin kwance bayan ya daina, ki gwada sugansa kafin komai.

Wani magidanci daga Gusau: “Ƙanena ya sha wani haɗi na shuwaka da sassaƙe, ya daina allura wata huɗu ke nan, kuma garau yake. Mai maganin ya ce yana farfaɗo da ƙwayoyin da suka mutu. Akwai kuma mai tallar wani garin magani da ya ce na ƙwayoyin tushe ne.”

Alhaji, ku kai shi a gwada shi cikin makon nan. Abu biyu ke sa a ga irin haka. Bayan an fara allura, ragowar ƙwayoyin bita kan samu hutu su ɗan farfaɗo na wasu watanni, bukatar insulin ta ragu sosai. Amarci muke ce wa wannan lokaci, kuma kamar kowane amarci, ƙarewa yake. Na biyu, akwai wani nau'in suga da aka fi gani a baƙar fata, wanda kan zo da zafi kamar nau'i na ɗaya, a kwantar da mutum, bayan wani lokaci ya iya zama ba allura, wani sa'in ya sake dawowa. A duka biyun, duk abin da mutum ke sha a lokacin shi ke cin yabo. Haɗarin shi ne ranar da abin ya juyo, kwana ɗaya ko biyu sun isa jini ya yi tsami, a kwashi mutum ranga-ranga.

Neman maganin da zai sa ƙwayoyin bita su hayayyafa a cikin jiki aiki ne da ake yi da gaske. An gano cewa har waɗanda suka shekara 50 da ciwon kan kasance da ɗan ragowarsu, kuma a asibitin Mount Sinai na New York an nuna tun 2015 cewa wani sinadari mai suna harmin, daga tsiro ma ake samunsa, yana sa ƙwayoyin mutum su ƙaru a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye. Har yanzu bai zama maganin da ake rubuta wa kowa ba. Garin da ake talla kuwa, ƙwayar halitta mai rai ba ta zama a leda a kan kanta, in ma ta zauna, ciki zai narkar da ita kamar tuwo. Kada ku sayar da ko akuya a kansa.

Wani uba daga ƙauyen Gaya: “Ba mu da wuta. Yaya zan adana insulin ɗin 'yata a wannan zafi?”

Malam, kwalbar da ba a buɗe ba sanyin firji take so, amma kada ta daskare. Wadda ta yi ƙanƙara ta lalace. Wadda aka fara amfani da ita takan yi mako huɗu in an kāre ta daga rana da zafi mai tsanani. Ka samu tukwanen ƙasa biyu, ƙarama cikin babba, ka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Dabarar nan ce ta sa Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ka sa kwalbar a cikin roba mai murfi don kada ruwa ya goge rubutun, ka riƙa yayyafa wa yashin ruwa safe da yamma, ka rubuta ranar da ka buɗe ta a jikin kwalin. In ka ga farin insulin ya yi gudaji-gudaji, ko mai garai-garai ya yi duhu, ko sugan yarinyar ya ƙi sauka alhali ba a canza komai ba, ka ɗauko sabuwa. Kuma kada ka sayi na wata uku a lokaci ɗaya, in dai akwai wani mai firji a gari da zai iya ajiye maka.