MP3 ta ƙi cin caji, kwamfuta ma ba ta ganinta

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina da ƴar MP3 da nake sauraren karatu da ita a shago. Na ajiye ta wata huɗu, yanzu in na sa ta caji ko fitilarta ba ta kamawa, kwamfuta kuma ba ta ganinta. Ta mutu ke nan? Daga unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yi saurin cire rai, wata huɗun nan shi ne bakin zaren. Batirinta na litiyom ne mai volt 3.7, in ya cika ya kai 4.2. Idan ya daɗe a ajiye ya tsiyaye sosai, ɗan allon kariyar da ke jikinsa yakan yanke shi, sai caji ya riƙa shiga kaɗan-kaɗan kafin ta farfaɗo. Ka jona ta da cajar waya ta volt 5, ka ƙyale ta awa ɗaya zuwa biyu ko da fuskarta baƙa ƙirin ce. In tana da makunni a gefe, tura shi kan ON, don wasu masu araha ba sa cin caji sai haka.

Amma a batun kwamfuta, abin da na fi zargi shi ne igiyar. Cikakkiyar igiyar USB zare huɗu ke cikinta: ja da baƙi na wuta, fari da kore na ɗaukar bayanai. Da yawa daga cikin igiyoyin da ke zuwa tare da fitila ko ƴar fanka zare biyu kawai gare su. Irin wannan za ta ba da wuta, amma har abada kwamfuta ba za ta ga na'urarka ba. Gwajin mai sauƙi ne: jona wayarka da kwamfuta da igiyar. In caji kawai ta kama, ba a tambaye ka batun tura fayil ba, to igiyar ce. Sannan in bakin MP3 ɗin USB-C ne, kada ka sa igiya mai C a kai biyun. Masu ƙera na araha sukan bar wasu ƙananan resisto biyu da ke sanar da caja ta saki wuta, sai cajar ta yi shiru. Nemi wadda ɗaya kanta babban bakin USB ne irin na da.

Sai bakin cajin kansa. Haska fitilar waya ciki ka duba. Ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan dunƙule a can ƙurya kamar auduga, su hana kan igiya shiga har ƙarshe. Kashe na'urar, ka zaro dattin a hankali da tsinken sakace. Ban da allura, don Allah, ƙarfe yana haɗa ƙafafun ciki ya ƙona su. In kuwa sai ka lanƙwasa kan igiya fitilar ke ƙiftawa, dalmar bakin ce ta saki, aikin mai gyaran waya ne.

Akwai kuma ɗan rami da aka rubuta RESET a gefensa. Danna shi da tsinke tana kan caji, ba ya goge karatunka.

Abu ɗaya ne ba na so ka yi wasa da shi. In ka ga bayanta ya kumbura ko murfin ya ɗaga, cire ta daga wuta nan take. Batirin litiyom ba ya son caji a zafin da ya wuce digiri 45, ga shi a watan Afrilu da Mayu zafin Maradi kan haura 40 ko a inuwa, balle ƙarƙashin kwanon shago. Kumburarren batir ba ya gyaruwa, kuma yana iya kama wuta. A sauya shi da wani mai volt 3.7 daidai girmansa.

Tambaya: Na sa sabon katin memori mai giga 64, ta ce babu komai ciki.

Amsa: Katin da ya wuce giga 32 da tsarin ajiyar fayil na exFAT yake zuwa, tsofaffin MP3 kuwa FAT32 suka sani. Kwashe fayilolinka a kwamfuta tukuna, don sauya tsarin yana goge komai, sannan a mayar da shi FAT32. In ta ƙi duk da haka, iyakarta ba ta wuce giga 32 ba.