Me ya sa yawan hodar fitar da saiwa ke tsayar da saiwa?

Malam, ka ce saiwar reshen da ka dasa ta tsaya bayan ka zabga masa hodar fitar da saiwa. Sinadarin oksin ne a cikinta, wanda ke sarrafa girman shuka. Shuka kan samar da nata a sabon toho, ya gangaro ƙasa, wani furotin mai suna PIN na miƙa shi daga ƙwayar halitta zuwa wata har tsinin saiwa, sannan ya juyo sama ta ɓawonta. Rarar oksin kuwa, enzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai) mai suna GH3 ke ɗaure ta da amino asid (tubalin furotin), wani enzayim mai suna DAO ya lalata ta. In oksin ya fi ƙarfinsu, saiwa sai ta daina tsawo, don kaɗan take buƙata. Tsoma gindin reshen kawai a hodar, ka kakkaɓe. Idan ya yi baƙi yana ruɓewa, nuna wa malamin gona, wataƙila cuta ce.