Ruwan Famfo Mai Warin Magani da Mai Jan Laka: Wanne Ne Abin Tsoro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani lokaci ruwan famfonmu na warin magani, yara su ƙi sha. In kuma aka ɗauke shi kwana biyu ya dawo, sai ya zo ja da laka. Wanne ya fi haɗari? Daga wata uwargida.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mai warin nan shi ne lafiyayye.

A matatun ruwa irin su Tamburawa a Kano, Usuma a Abuja, ko Gudel a Yamai, aikin kusan iri ɗaya ne. Ana zuba alif a ruwan kogi ko na dam, a juya shi, laka ta dunƙule ta kwanta a ƙasan tanki. Na saman ya bi ta cikin yashi da tsakuwa ya tace. Sai a sa kulorin, wanda ke kashe ƙwayoyin kwalara da taifod. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar shi aƙalla minti 30 yana aiki, ragowarsa kada ta gaza miligiram 0.5 a kowace lita, kuma a bakin famfonki a samu aƙalla 0.2. Ragowar nan ce hancinki ke ji, ita ke gadin ruwan a hanya.

Matsalar tana cikin bututu. Muddin yana cike da ruwa mai ƙarfi, ko ya tsage waje zai riƙa fesowa. Da an ɗauke ruwa, ƙarfin ya faɗi, sai tsagar ta koma zuƙo abin da ke kewaye da ita, ga shi a unguwanni da yawa bututun ta cikin kwata ya ratsa. Masu jona injin jan ruwa kai tsaye a babban layi suna ƙara wannan zuƙar, su cuci maƙwabta su cuci kansu. Ƙazantar da ta shiga kuma tana cinye ɗan kulorin da ya rage.

Saboda haka in ruwa ya dawo, ki bar na farko ya zuba har ya washe, ki yi shara ko ban ruwan shuka da shi. Na sha ki tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ki zuba a jarka mai murfi, kada a riƙa tsoma moɗa. Alif na gida laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe cuta. Bututun da ya fashe a layinku kuwa, a sanar da hukumar ruwa tun ranar da aka gani.